Yadda zaka haɗa TV ɗinka a ƙasar waje da intanet ɗin gidanku ta VPN

Toh jama'a, wannan bayanin na wanda ya bar gida ne ya tafi karatu ko aiki ko kasuwanci, ko Dubai ko Jidda ko Landan ko Malesiya, ya kunna TV ya buɗe DStv Stream ko Netflix sai yaga ko dai an hana shi shiga gaba ɗaya, ko finafinan da ya saba gani sun ɓace, ko kuma Netflix ɗin ya dame shi da cewa wai wannan TV ɗin ba na gidan mai akawun bane (tun 2023 suka fara wannan takurar). Abun da suke dubawa shine adireshin IP ɗinka, wato lambar da kamfanin intanet ya baka, daga ita suke gane ƙasar da kake. Mutane da yawa sai su ruga su sayi VPN na kuɗi, wato manhajar dake bi da intanet ɗinka ta wani waje don a ga adireshin can ba naka ba, yau yayi aiki gobe ya ƙi, saboda adireshin waɗancan kamfanonin sananne ne kuma dubban mutane ke rububin guda ɗaya, toshe shi ba wuya. VPN na gida kuwa daban yake, wata ƴar na'ura zaka ajiye a ɗakinka na Kano ko Kaduna ko Maraɗi, duk abun da TV ɗinka zai nema sai ya fara biyowa ta can tukunna, su kuma masu manhajar suna ganin adireshin gidanku ne sak kamar kana kwance a falo.

Amma bari in faɗa tun yanzu, TV ɗin shine ɓangare mafi sauƙi a lamarin. Aikin gaske a gida yake, kuma kafin ka hau jirgi ake gama shi. Wanda ya riga ya tafi sai dai ya samu ƙani ko ɗan uwa mai haƙuri da zai riƙa bin umarni ta kiran bidiyo.

Mataki na 1: gwada intanet ɗin gida

Ka haɗa wayarka da wifi ɗin gida ka shiga fast.com, idan ya gama ka danna Show more info, lambar da muke nema itace ta Upload, wato saurin turawa, ba ta saukewa ba wacce kowa ke alfahari da ita. Dalili kuwa gidanku ne zai sauke fim ɗin sannan ya tura maka shi can inda kake, don haka komai ƙarfin intanet ɗin Landan ba zaka wuce abun da rautar gida ke iya turawa ba. Netflix da kansu sun ce 3 Mbps na isa ga 720p, 5 Mbps ga 1080p, 15 Mbps ga 4K. Ni dai shawarata in upload ɗin bai kai 10 ba ka cire ran 4K, ka tsaya a HD, saboda ƴan gida suma suna WhatsApp da TikTok akan layin nan. Kuma kada ka gwada da asuba ka ce an dace, ka gwada bayan isha'i lokacin da kowa ke kan netwok, don lokacin ne ake buga ƙwallo kuma lokacin ne sabis ke yin ƙasa.

Sai maganar data, wacce mutane ke mantawa har sai an kira su daga gida ana faɗa. HD na Netflix na iya cin 3GB a awa ɗaya, 4K kuma har 7GB. A gida kuwa abun shiga yake ya sake fita, in tsarin data ɗinku na ƙirga shiga da fita duka to ninki biyu kenan, fim ɗin awa biyu zai iya lashe wajen 12GB. In rautar MTN ko Airtel ce mai data ƙididdigagge wlh ka zauna ka yi lissafi tukunna. Ko waɗanda ake cewa unlimited ɗin da yawansu akwai iyakar da in ka wuce sai a rage maka gudu. Mai fayiba ko Starlink shine ya fi samun sauƙi anan.

Abu na uku shine CGNAT, wato kamfanin intanet ya haɗa mutane da yawa akan adireshin IP ɗaya, kuma shi ke kashe yawancin bayanan da zaka gani a YouTube, don su Turawan dake koyarwa gidajensu na da adireshi na kansu. Mu anan layukan waya kusan duk a bayan CGNAT suke, Starlink ma haka a tsarinsa na gida. Kamar gidan haya ne mai ɗaki hamsin da ƙofa ɗaya, na ciki zai iya fita ya dawo amma baƙo in yazo bakin ƙofa ba wanda zai nuna masa ɗakinka. Yadda zaka gane: ka shiga shafin rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka nemo inda aka rubuta WAN IP, sannan ka tambayi Google what is my ip. In lambobin biyu sun zo ɗaya to kana da adireshi na kanka. In sun bambanta, ko ka ga na rautar ya fara da 10 ko yana tsakanin 100.64 zuwa 100.127, kana bayan CGNAT, buɗe port, wato buɗe ƙofar shigowa a rauta, ba zai maka komai ba, kada ma ka ɓata lokacinka. Wannan ne yasa zan fi ba da ƙarfi akan Tailscale, manhajar VPN dake haɗa na'urorinka da juna, shi yana iya ratsa wannan katangar ba sai ka taɓa saitin rauta ba, kuma a ƙarƙashinsa wata fasahar VPN mai suna WireGuard ce ke aiki, kyauta ne ga amfanin mutum da iyalinsa.

Mataki na 2: na'urar da zata kwana a kunne, da wutar da zata riƙe ta

Zaɓi uku ne masu ma'ana. Raspberry Pi 4 ko 5, ƴar kwamfuta ce kamar tafin hannu, bata cin wuta. Ko tsohuwar laftof da aka jefar a lungu, wacce ni a wajena ga gidan Najeriya tana da wata fa'ida babba, batirinta na jikinta, in an ɗauke wuta bata mutuwa nan take. Ko Apple TV in akwai shi a gidan, tun tvOS 17 da ya fito a 2023 yana karɓar VPN kuma Tailscale na cigaba da aiki akansa ko yana barci.

Duk wacce ka ɗauka ka haɗa ta da rauta da kebul, banda wifi. Sannan wuta. In gidan akwai sola da inbata ka jona rautar da na'urar akan layin inbata, ba layin da ake kashewa da daddare don a tanadi batir ba, wannan ka zauna da mutanen gida ku yi magana a fili. In babu, akwai ƙaramin UPS na rauta, wato batirin ajiyar wuta, da ake sayarwa mai fitar da 12V da 9V da 5V, yana riƙe rauta na wasu awanni. Pi 4 na son 5V 3A ta USB-C, kada ka sa masa cajar waya ta ɗari biyar, zai riƙa sake kunna kansa. Kuma yawan ɗaukewar wuta bagatatan na lalata katin memori na Pi, shi yasa UPS ɗin ba ado bane. In kwamfutar tebur ce ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kwamfutar na tashi, ka nemo saitin da ke cewa Restore on AC power loss ko makamancinsa ka kunna, don in an dawo da wuta ta tashi da kanta. A laftof kuma ka hana ta barci, ka saita cewa rufe murfi kada yayi komai.

Mataki na 3: saka Tailscale a gida

Ka shiga tailscale.com ka buɗe akawun da Gmail ɗinka, wannan akawun ɗin shi zaka yi amfani dashi a duk na'urorin. In Windows ce ka sauke manhajar ka shiga, ka danna ɗan tambarinta a ƙasa kusa da agogo, wajen Exit node ka zaɓi Run exit node, sannan cikin Preferences ka kunna Run unattended don ta cigaba da aiki ko ba wanda ya shiga kwamfutar. In Apple TV ne ka sauke daga App Store, a cikin manhajar akwai wajen mai da shi exit node. Exit node ɗin nan shine ƙofar fita, na'urar da duk zirga zirgarka zata fita duniya ta cikinta.

In Pi ne ka sa masa Raspberry Pi OS Lite da Raspberry Pi Imager, ka kunna SSH, wato hanyar ba Pi ɗin umarni daga wata kwamfutar, tun a wajen rubuta katin, sannan ka shiga ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

curl -fsSL https://tailscale.com/install.sh | sh

sudo tailscale up

Zai baka wani link, ka buɗe a waya ka amince. Sai ka ba Pi ɗin izinin wucewa da kayan wasu:

echo 'net.ipv4.ip_forward = 1' | sudo tee -a /etc/sysctl.d/99-tailscale.conf

echo 'net.ipv6.conf.all.forwarding = 1' | sudo tee -a /etc/sysctl.d/99-tailscale.conf

sudo sysctl -p /etc/sysctl.d/99-tailscale.conf

sudo tailscale set --advertise-exit-node

Ba'a gama ba fa. Ka koma shafin Tailscale wajen Machines, ka nemo na'urar gidan, ka danna ɗigo ukun dake gefenta, Edit route settings, ka kunna Use as exit node. In baka yi wannan ba ba zata taɓa bayyana a TV ba. Kuma a wannan ɗigo ukun dai ka danna Disable key expiry. Don Allah kada ka tsallake wannan, saboda a yadda abun yazo makullin kowace na'ura na mutuwa bayan kwana 180, kana can wata shida ya cika sai kawai komai ya tsaya, kuma gyaran zai iya kaiwa ga sake shiga daga na'urar dake gida, ka ga an koma neman wanda zai buɗe ɗakinka kenan.

Yanzu gwaji. Ka sa Tailscale a wayarka, ka kashe wifi ka kunna datar waya, in da hali ma layin wani kamfani daban da na rautar, ka zaɓi exit node ɗin gida, ka sake duba what is my ip. In ya nuna adireshin gida to magana ta yi. Ka buɗe fast.com ka ga gudun. Sannan ka yi gwajin da ya fi kowanne: ka zare wutar rauta da na'urar gaba ɗaya, ka mayar, ka koma gefe kada ka taɓa komai, ka ga ko cikin ƴan mintuna zasu dawo da kansu. In sai ka danna wani abu sannan suke dawowa to ka gyara yanzu tun kana kusa.

Mataki na 4: wane irin TV ne a gabanka

Anan hanya ta rabu biyu. In TV ɗin Android TV ne ko Google TV, irin Sony da yawancin TCL da wasu Hisense, ko Chromecast mai Google TV, abun ba wuya: Play Store, ka nemo Tailscale, ka sauke, zai nuna maka QR ka ɗauka da waya ka amince, ka zaɓi exit node, shikenan. Apple TV ma haka. Fire TV Stick masu tsarin Android suma akwai Tailscale a shagon Amazon, amma ka kula wajen saye, samfurin 4K Select da ya fito a 2025 ba Android bane a cikinsa, ka guje shi don wannan aikin.

In kuma Samsung ne ko LG, waɗanda sune suka cika gidaje da otal otal, to babu manhajar VPN da zata hau kansu, Samsung Tizen yake amfani dashi LG kuma webOS, Hisense masu VIDAA da Roku duk jirgi ɗaya. Mafita mafi arha ka sayi ɗan sandan Google TV ko Fire TV ka soka a HDMI ka manta da manhajojin TV ɗin. Ni wannan nake fara ba kowa shawara, don yana warware wata matsalar ma: shagon manhajar Samsung da LG yana bin ƙasar da aka saita TV ɗin ne, TV ɗin da aka saya a Ingila zai iya yuwuwa ka nemi DStv ka rasa ko da VPN ɗin na aiki lafiya. A Google kuma ƙasar akawun ɗinka ake bi, don haka in Gmail ɗinka na Najeriya ne ka barshi a haka, kada ka canja masa ƙasa, don Google basa bari a riƙa canjawa yadda aka ga dama.

Kada ka wahalar da kanka da hotspot ɗin waya. Ko VPN na kunne a wayar, Android ko iPhone, abun da ya hau hotspot ɗin baya bi ta cikin VPN, kai tsaye yake fita.

Mataki na 5: ƴar rautar tafiya

In dole sai manhajar cikin Samsung ko LG ɗin kake so, ko na'urorin naka da yawa, sai a sa VPN ɗin a rauta, TV ɗin ya hau wifi ɗinta bai ma san me ake ciki ba. Waɗanda aka fi sani sune na GL.iNet, Beryl AX ko Slate AX, suna shiga aljihun jaka. Ƴar ƙaramar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira Mango tana da arha amma bata ɗaukar Tailscale, WireGuard zalla take yi.

Ka kunna ta, ka hau wifi ɗinta da waya, ka buɗe 192.168.8.1 ka sa kalmar sirri. Ka haɗa ta da intanet ɗin inda kake, da kebul in akwai, in babu ta Repeater ta kama wifi ɗin gidan ko otal ɗin. In otal ne mai shafin shiga da ake sa lambar ɗaki, ka fara cike shafin ta wayarka tana kan wifi ɗin ƴar rautar, sai intanet ya zo sannan ka kunna VPN, in ka juya tsarin shafin ba zai buɗe ba. Daga nan Applications, Tailscale, ka kunna ka ɗaure ta da akawun ɗinka, ka kunna Allow Remote Access LAN da Custom Exit Node ka zaɓi na'urar gida. Ka koma Machines a shafin Tailscale, Edit route settings na ƴar rautar, ka amince da 192.168.8.0/24 ɗin da ta nuna. In Pi ne a gida ka ƙara masa wannan don ya san hanyar mayar da amsa:

sudo tailscale set --accept-routes

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman. Rautoci da MiFi na Huawei da suka cika gidajenmu suma 192.168.8.1 suke amfani dashi, daidai da na GL.iNet. In gida 192.168.8 ne can ma 192.168.8 ne to sun yi karo, zaka ga komai kore ne an haɗu amma ba abun dake buɗewa. Ka shiga Network, LAN, a ƴar rautar ka mai da ita 192.168.50.1 misali, tun kafin ka fara saitin Tailscale ɗin ma ya fi, sai lambar da zaka amince da ita a Machines ta zama 192.168.50.0/24.

Sai ka sa TV ya manta da tsohon wifi ɗin gaba ɗaya, ka haɗa shi da na ƴar rautar, ka zare shi daga soket na minti ɗaya ka mayar. Ka buɗe burauzar TV ɗin ka duba adireshin IP kafin ka buɗe kowace manhaja.

Ga mai adireshi na kansa

In gwajin farko ya nuna baka bayan CGNAT, misali gidan naka a Ingila yake ko Jamus kai kuma ka zo hutu Kano kana son kallon abun can, zaka iya yin WireGuard zalla ba tare da wani kamfani a tsakani ba. Rautocin Asus da yawa da FRITZ!Box daga FRITZ!OS 7.50 suna da shi a ciki, a Pi kuma akwai PiVPN. In a Pi ne sai ka buɗe UDP 51820 a rauta ka nuna shi ga Pi ɗin, ka yi suna kyauta a DuckDNS don adireshin gida na canjawa, ka fitar da fayil ɗin saiti ka loda a ƴar rautar wajen WireGuard Client. Ka tabbata a fayil ɗin akwai AllowedIPs = 0.0.0.0/0, ::/0 da PersistentKeepalive = 25, ka kunna Block Non-VPN Traffic don in layin ya yanke TV ɗin kada ya fita da adireshin inda kake. Wannan ɓangaren ya fi daɗi gaskiya, don upload ɗin can ba irin namu bane.

In abu ya ƙi

Hoto na tsayawa yana juyawa: daga laftof mai Tailscale ka rubuta tailscale ping da sunan na'urar gida. In ka ga via DERP to ba kai tsaye kuke haɗe ba, ta wata tashar Tailscale ake zagayawa daku, kuma can gudun kaɗan ne. Yana faruwa in duka ɓangarorin biyu na bayan katanga mai tsauri, kamar layin waya a gida da wifi ɗin otal ko na makaranta a can. Kunna UPnP ko IPv6 a rautar gida na taimakawa wani lokacin, canja netwok a ɓangarenka ma haka. In kai tsaye ne amma duk da haka yana jan ƙafa, upload ɗin gida ne, ka rage ingancin hoto a saitin manhajar.

An haɗu, wasu shafuka na buɗewa wasu na maƙalewa a WireGuard zalla: MTU ne, wato girman ƙunshin datar da ake turawa lokaci guda, yana zuwa a 1420, ka sauke shi zuwa 1280.

Manhaja har yanzu tana cewa baka ƙasar: ka fita daga akawun, ka goge cache ɗinta, ka kashe IPv6 a ƴar rautar, ka sake kunna TV. Ka kuma duba agogon TV ɗin, in kwanan wata ya karkace abubuwa da yawa basa buɗewa.

Na'urar gida ta nuna offline: wuta ce ko data ta ƙare, kusan kullum ɗayan biyun nan ne. Kafin ka tafi ka manna takarda a jikin soket ɗin ka rubuta kada a zare, don wlh wani zai zo neman wajen cajin waya, ka nuna ma mutum ɗaya a gidan yadda ake kashewa a kunna, ka kuma riƙe hanyar sabunta datar rautar daga manhajar bankinka.

Sai dokar inda kake. Ƙasar Sin da Iran da Rasha suna toshe irin wannan haɗin, ɗalibanmu dake Masar ma sun san WireGuard na shan wuya a can. A Dubai da sauran sassan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa amfani da VPN don aikata abun da doka ta hana laifi ne mai tara mai nauyi, don haka ka karanta dokar ƙasar kafin ka kunna. Su kuma DStv da Netflix kowanne na da sharuɗɗansa akan inda ake kallo, akawun ɗinka ne da kuɗinka amma suna da ikon taka maka birki in suka ga abun bai musu ba. Kuma kada ka raba exit node ɗin da abokai a hostel, duk abun da wani ya aikata ta cikinsa adireshin gidanku zai nuna da layin da aka yi rajista da sunanka ko na mahaifinka.